Amsoshin Wasiƙunku: Me Ya Sa Talaka Ke Ƙin Harajin da Aka Ce Don Shi Aka Yi?

Yawancin wasiƙun da suka iso teburinmu a wannan watan kan haraji ne da tallafi. Mun zaɓi biyar, kuma ma'aikatanmu na sashen tattalin arziki ne suka amsa. Kamar kullum, mun sakaya sunayen masu tambaya.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina bin siyasar Amurka, kuma akwai abin da ya ɗaure mini kai. Ana cewa leburori da direbobi da masu aikin masana'anta a can sukan jefa ƙuri'ar ƙin a ƙara wa attajirai haraji, ko da an ce da kuɗin za a gyara makarantun 'ya'yansu. Gaskiya ne? In gaskiya ne, wannan ba jahilci ba ne?
Malamin sakandare, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Gaskiya ne, ya faru ba sau ɗaya ba. Amma kalmar jahilci ta yi nauyi, kuma duk wanda ya tsaya a kanta ba zai gane abin da ke faruwa ba.

Mu ɗauki jihar Alabama a 2003. A lokacin, iyali mai mutum huɗu kan fara biyan harajin jiha da zarar abin da suke samu a shekara ya kai dala 4,600, kuɗin da ko hayar gida ba zai biya ba. Manyan masu gonaki da masu dazuzzukan katako kuwa ɗan abin da suke biya kan filayensu bai taka kara ya karya ba. Gwamna Bob Riley, ɗan jam'iyyar Republican, ya kawo shirin tara dala biliyan 1.2: a ɗaga wannan iyaka zuwa wajen dala 20,000, a ƙara wa masu filaye da masu babban albashi, a cike giɓin kasafin kuɗi, ragowar a zuba a ilimi. Har da hujjar addini ya kafa, ya ce kula da marasa ƙarfi wajibi ne a kan Kirista. Ranar 9 ga Satumba 2003 aka yi ƙuri'ar raba gardama, kusan kashi biyu cikin uku suka ce ba sa so, kuma cikinsu akwai ɗimbin talakawan da harajinsu zai ragu.

Abu na farko da ya kayar da shirin shi ne yawan kayan da aka ɗaura masa. Dokoki ne masu yawa aka haɗa cikin tambaya ɗaya, kuma a cikinsu akwai ƙarin haraji kan taba da sabon haraji kan kuɗin gyaran mota. Mai tsohuwar akori-kura da yake kai ta gareji duk wata ya san wannan zai taɓa aljihunsa gobe. Ragin da aka yi masa alkawari kuwa sai ƙarshen shekara, a takardar da bai iya karantawa sosai ba. Na biyu, sabon kuɗin ba a ɗaure shi da doka a kan wani aiki ba, an bar wa majalisar dokokin jihar ta raba, ita kuwa majalisar mutane ba su yarda da ita ba. Na uku, ƙungiyar manyan manoma da masu katako sun zuba kuɗi a tallan rediyo da talabijin da saƙo guda mai sauƙin riƙewa: ƙarin haraji mafi girma a tarihin jihar. Mai goyon baya yana buƙatar minti goma ya yi bayani, mai adawa jumla ɗaya ta ishe shi.

Jihar Washington ta fi fito da batun amana fili. A 2010 aka nemi a sa harajin kashi 5 cikin ɗari kan abin da mutum ya samu sama da dala 200,000 a shekara, a kuma rage harajin gidaje na jiha da kashi 20. Mahaifin Bill Gates ne ma ya jagoranci neman goyon baya. Kusan kashi 64 suka ƙi. Hujjar 'yan adawa ita ce bayan shekara biyu majalisa na da ikon gyara dokar da rinjaye kawai, ta sauko da iyakar har ta kama kowa. Kuma wannan ba ƙarya ba ce, haka tsarin jihar yake. A Illinois ma, a 2020, gwamnati ta ce kashi 97 na masu biyan haraji ba za a ƙara musu ko sisi ba, sai masu samun sama da dala 250,000, amma aka kayar da shirin da irin wannan tsoro.

To ga ɗaya gefen. A 2022 jihar Massachusetts ta amince da ƙarin kashi 4 kan abin da ya haura dala miliyan ɗaya, saboda an rubuta cikin kundin tsarin mulkin jihar cewa kuɗin na ilimi ne da sufuri, an kuma ce iyakar za ta riƙa hawa tare da tsadar rayuwa. A Florida a 2020, ranar da Trump ya ci jihar, a ranar ce kusan kashi 61 suka amince a kai mafi ƙarancin albashi dala 15 a awa. Idaho da Oklahoma da Missouri, dukkansu jihohin 'yan Republican, sun zaɓi faɗaɗa inshorar lafiya ta Medicaid ga marasa ƙarfi da aka tambaye su kai tsaye. Wato idan aka ware abu ɗaya, aka faɗe shi a sarari, aka rufe ƙofar da 'yan siyasa za su karkatar da shi, talaka ya san inda maslaharsa take. Ranar zaɓen ɗan takara kuwa, ƙuri'a ɗaya ce ke ɗauke da addini da tarbiyya da bindiga da baƙin haure da haraji gaba ɗaya, kuma ba kowa ne ke sa aljihu a gaba ba. Attajirin da ya zaɓi wanda zai ƙara masa haraji saboda aƙida, ba a ce masa jahili. Bai kamata a ce wa lebura ba.

TAMBAYA: Barkanku da aiki. A wurin aikinmu ana ta cewa da sabuwar dokar haraji, duk wanda albashinsa ya wuce naira 800,000 a shekara za a cire masa kashi 15 na dukkan kuɗin. Wata abokiyar aikina har tana fargabar ƙarin girma. Albashina naira 150,000 ne a wata. Nawa za a cire mini?
Ma'aikaciyar jinya, Katsina

AMSA: Barka kadai, Hajiya. Ki gaya wa abokiyar aikinki ta karɓi ƙarin girmanta hankali kwance. Wannan kuskuren fahimta yana cikin manyan abubuwan da ke sa ma'aikata a ƙasashe da yawa su ƙi tsarin da ya rage musu nauyi.

Harajin albashi hawa-hawa ne, kuma kowane mataki abin da ya faɗo cikinsa kawai yake ci. A dokar da aka sa wa hannu ranar 26 ga Yuni 2025, ta fara aiki 1 ga Janairu 2026, naira 800,000 na farko babu haraji a kansu, ga kowa, har mai miliyan hamsin. Miliyan 2.2 da ke biye kashi 15, miliyan 9 na gaba kashi 18, haka har zuwa kashi 25 kan abin da ya haura miliyan 50. Wanda kuɗinsa ya tsaya a 810,000, kashi 15 na dubu goman nan kawai zai biya, wato naira 1,500 a shekara.

Ga naki lissafin. Albashinki a shekara 1,800,000 ne. A cire kashi 8 na fansho, 144,000, idan a kan dukkan albashin ake lissafa shi. Idan kina biyan hayar gida 300,000, doka ta yafe miki kashi 20 na kuɗin hayar, wato 60,000, kuma wannan rangwame ba ya wuce 500,000 komai tsadar gida. Saura 1,596,000. A fitar da 800,000 na farko, saura 796,000. Kashi 15 nasa shi ne 119,400 a shekara, wato 9,950 a wata. A tsohon tsari, da wannan albashin, kina biyan wajen 133,700. Kin samu sauƙin kusan 14,300 a shekara, wajen naira 1,200 a wata.

Ki dubi wannan adadin da kyau, don a nan matsalar take. Naira 1,200 ko mudun shinkafa ba ta saya. Gwamnati ba ta yi ƙarya ba da ta ce an rage wa masu ƙaramin albashi, ke ma ba ki yi ƙarya ba idan kika ce ba ki gani a tukunyarki ba. Abu ɗaya da mutane ke asara a kai: rangwamen haya ba ya zuwa da kansa. Sai kin kai wa ofishin albashinku shaidar biyan hayar, in ba haka ba za a lissafa miki kamar ba ki da ita, ki yi asarar naira 9,000 a shekara.

Kuma kada a ɗauka duk adawar da aka yi wa wannan doka rashin fahimta ce. Daftarin farko ya nemi a ɗaga harajin VAT, wato harajin da ake biya kan sayen kaya, daga kashi 7.5 zuwa 10, ya ci gaba da hawa har 15, ya kuma nemi a raba kashi 60 na kason jihohi bisa inda kuɗin ya fito. Gwamnonin Arewa sun yi watsi da wannan a taronsu na Kaduna cikin Oktoba 2024. Sakamakon ja-in-jar, VAT ya tsaya a 7.5, rabon kuma ya koma kashi 50 daidai-wa-daida, 20 bisa yawan jama'a, 30 bisa inda aka sayi kaya. VAT haraji ne da ya fi cin talaka, don shi duk abin da ya samu kashewa yake yi.

TAMBAYA: Salam. Masana suna cewa tallafin mai masu kuɗi ya fi amfana, wai cire shi alheri ne gare mu. Ni dai tun da aka cire ban ga alheri ba. Su ne ba su san ƙasa ba, ko ni ne ban gane ba?
Direban motar haya, Kano

AMSA: Ɗan'uwa, kowannenku yana riƙe da rabin gaskiya, amma rabinka ne aka fi yin watsi da shi.

Nasu rabin: binciken Asusun Ba da Lamuni na Duniya a ƙasashe masu tasowa ya nuna kashi 20 mafi arziki na jama'a sukan kwashi ninki shida na abin da kashi 20 mafi talauci ke samu daga tallafin mai. Dalilin a fili yake: mai motoci huɗu da janareta ya fi mai keke shan fetur. A 2022 tallafin ya ci sama da naira tiriliyan huɗu, ga wanda ake tsallakawa da shi iyaka.

Naka rabin: idan mai kuɗi ya rasa dubu ɗari a wata, tafiyar hutu zai rage. Idan kai ka rasa dubu goma, abincin dare ne. Kuma tallafin mai shi ne abu ɗaya da talaka ke karɓa daga gwamnati ba tare da ya san wani ba, ba takarda, ba layin ofis, ba kamun ƙafa. Da aka ce ka sake shi a ba ka asibiti da hanya daga baya, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Ka kuma tuna 2012, da lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, aka yi yajin aiki ta dawo 97, aka kafa shirin SURE-P da kuɗin da aka rage. Mutum nawa ne a tasharku za su iya nuna abin da shirin ya yi musu?

Babban kuskuren a jerin matakai yake. Dubi yadda Iran ta yi a Disamba 2010. Tun kafin a taɓa farashi an yi wa iyalai rajista, an buɗe musu asusun banki, an zuba kuɗin diyya a ciki, wajen dala 45 ga kowane mutum a wata. Mutum yana ganin kuɗinsa a asusu amma a kulle, sai ranar da farashi ya tashi aka buɗe. An ninka farashin mai sau da yawa ba tare da ƙasa ta kama da wuta ba. Daga baya hauhawar farashi ta cinye darajar kuɗin, wannan wani darasi ne daban: diyyar da ba ta hawa da tsada, mutuwa take yi a tsaye.

Mu kuwa an sanar da cirewa ranar 29 ga Mayu 2023, cikin kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, a Oktoba 2024 ta haura 1,000. Tallafin naira 25,000 na wata uku ga magidanta miliyan 15 sai Oktoba 2023 aka ƙaddamar, a Janairu 2024 kuma aka dakatar da shi na wani lokaci saboda zargin almundahana. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sai Yuli 2024, kuma kai da ba ka cin albashi bai shafe ka ba. An fara da yanka, aka ce maganin yana hanya.

Ba mu kaɗai ba ne. A Faransa, masu riguna ruwan ɗorawa sun fito a Nuwamba 2018 kan ƙarin harajin mai, a shekarar da aka soke harajin dukiyar attajirai aka bar na gidaje da filaye kawai. Mutumin ƙauye da ba shi da jirgin ƙasa ya haɗa biyun ya yanke hukunci, gwamnati kuma ta janye ƙarin.

TAMBAYA: Shin zai yiwu mutum yana cin moriyar wani shiri bai ma sani ba?
Ɗalibar jami'a, Sakkwato

AMSA: Ƙwarai kuwa, Malama, kuma an auna. A wani binciken da Farfesa Suzanne Mettler ta jami'ar Cornell ta yi a 2008, kashi 44 na masu karɓar fanshon gwamnatin Amurka da kashi 40 na masu inshorar tsofaffi ta Medicare sun ce ba su taɓa amfana da wani shirin tallafin gwamnati ba. A 2009 gwamnatin Obama ta rage wa yawancin ma'aikata haraji da dala 400, ma'aurata 800, amma da gangan aka watsa shi kaɗan-kaɗan cikin albashi. A 2010 wajen mutum ɗaya cikin goma ne kawai ya san an rage masa. Kanada ta mayar wa magidanta kusan kashi 90 na harajin hayaƙin da ta karɓa, wato harajin da ta ɗora kan mai da iskar gas saboda gurɓata iska, amma kuɗin kan faɗa asusu da sunan da bai nuna daga ina yake ba, alhali tsadar mai tana rubuce da manyan lambobi a kowane gidan mai. A Afrilu 2025 aka soke harajin ga masu sayen mai.

Shi ya sa har yau dattawa ke ambaton asusun PTF na zamanin Abacha. An yi ta muhawara kan yadda aka kashe kuɗinsa, amma mutum ya ga allo a bakin hanya da tambari a kwalin magani, ya san daga rarar mai suka fito. Gani ya kori ji.

Akwai kuma wani abu mara daɗi da ba za a ɓoye ba. Inda mutane ke zargin cewa wata ƙabila ce ko wani yanki zai fi cin moriya, sukan gwammace kowa ya rasa. A Amurka an daɗe ana amfani da launin fata wajen ɓata sunan shirye-shiryen tallafi, kuma fararen fata matalauta da yawa sun yi asara ta wannan hanya.

TAMBAYA: Ni na ga zamanin haraji da jangali da idona. Jikokina suna cewa in daina tsoron kalmar haraji. Ta yaya mutum zai bambanta na zalunci da na gyara?
Dattijo, Ɗambatta

AMSA: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Tsoronku yana da tushe. Harajin da kuka gani na kai ne: ana ɗora wa kowane baligi, damina ta yi kyau ko ba ta yi ba, wanda ya kasa a ɗaure shi ko ya gudu ya bar gari. A kansa jam'iyyar NEPU ta yi gwagwarmaya tun 1950, kuma da jam'iyyar PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, soke haraji da jangali na cikin ayyukan farko na Abubakar Rimi da Balarabe Musa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake.

Ga abin da za ku sa jikokin su bincika muku a duk sabuwar doka. Da farko, wa zai biya a zahiri? Harajin da aka sa wa mai tirela ko dillalin hatsi, a kan mudu yake sauka. Sai a duba daga nawa ya fara, kuma iyakar tana hawa da tsadar rayuwa ko a tsaye take. Wannan ya shafi dokarmu ta yanzu: idan 800,000 ta tsaya wuri ɗaya shekara biyar farashi yana gudu, wanda aka yafe wa bana zai shiga raga ba tare da an canza ko harafi ɗaya ba. Sannan a tambaya ko an rubuta a doka aikin da kuɗin zai yi, da wanda zai iya canza wannan, da sauƙin canzawar. A tambaya ko sauƙin ya riga nauyin isowa. Na ƙarshe shi ne wanda ya fi kusa da ku: ranar kasuwa, duk wanda ya tsaya a kan rumfa ko a karar awaki yana neman kuɗi, a nemi rasit mai lamba da sunan hukuma. Kuɗin da aka karɓa ba rasit ba ya isa baitulmali, don haka ba zai dawo Ɗambatta a matsayin rijiya ko aji ba.